Yatsu Shida a Bangon Sarki

A zamanin Sarki Jatau ɗan Ranau, wanda ikonsa ya kama daga bakin Gulbin Tsamiya har gindin duwatsun arewa, abu biyu ne mutanen Birnin Dargaza suke taƙama da su in sun haɗu da baƙo: ganuwarsu da munduwar Sarkinsu. Ganuwa kowa yana ganinta. Munduwa kuwa sai ranar yaƙi take fitowa. Ta jan ƙarfe ce, tsohuwa, duk ta lotse, in da a kasuwa aka yar da ita ba lalle a sami mai sunkuyawa ya ɗauka ba. Amma tun daga kakan da ya sari birnin, ba Sarkin da ya taɓa fita yaƙi ba ita a hannunsa na dama, kuma mayaƙa sun yi imani cewa muddin suna hango ta, ba mai kora su. A cikin wata 'yar jakar fata take, rataye a maratayi bisa kan gadon Sarki. Dokar da aka gada ita ce, ban da Sarki duk wanda ya taɓa ta a bakin hannunsa.

Mai kula da ganuwa shi ne Sarkin Magina Cindo. An haife shi da yatsu shida a hannun dama, wanzami ya zo zai ɗaure na shidan ya faɗi kamar yadda aka saba, uwarsa ta ce a bar mata ɗa yadda Allah ya ba ta. Da ya girma ya gaji aikin ubansa, sai ya zama in ya gama yaɓe yakan ja yatsunsa bisa ɗanyar ƙasa, zane shida su fito reras. Duk wanda ya zaga Dargaza zai ga wannan zane a zauren attajiri, a rumbun talaka, a masallacin Juma'a, har a bangon gidan yari. Mutum ne mai ƙarancin magana, in ka yi masa doguwar gaisuwa sai ka ga idonsa na bisa katangarka yana neman inda ta tsage.

Mai kula da ɗakin Sarki kuwa shi ne Sarkin Gida Ƙosau, tsohon bawan fada wanda ya goyi Jatau a bayansa tun yana tsumman goyo. Amana dai ba a yi kamarsa ba, ko goro ɗaya na Sarki bai taɓa shiga bakinsa ba izini ba. Ciwonsa guda ne, zargi. A wurin Ƙosau, duk mai sana'ar da ya taka fada, maƙeri ne ko baduku ko masassaƙi, ɓarawo ne wanda bai sami sarari ba tukuna. In ludayi ya ɓata a cikin gida, sai ya tambaya wane mai aiki ne ya shigo na ƙarshe, a je a titsiye bawan Allah a gaban iyalinsa. In an ga ludayin daga baya a ƙarƙashin tabarma, ba wanda yake komawa ya ba shi haƙuri. Haka aka daɗe ana yi, kuma ba a fada kaɗai ba.

To, ana gab da faɗuwar damina sai bangon ɗakin Sarki ya nemi sabon yaɓe, aka aika wa Cindo. Tun a bakin zaure Ƙosau ya tare shi da mutanensa ya jera musu dokoki. Ba mai ɗaga kai ya kalli abin da ba bango ba. Ba mai buɗe komai. Ba mai zura hannu cikin alkuki ko rami ko wata kafa, komai ƙanƙantarta, abin da suka tarar a buɗe su shafe bakinsa daga waje su wuce. In sun fito kuma za a lalube su ɗaya bayan ɗaya. Cindo ya ce masa ramin da ba a cusa wa ƙasa har ciki ba yaɓensa ba ya daɗewa. Ƙosau ya ce wannan ba damuwarsa ba ce.

Ranar aikin Sarki ya fita kilisa bakin gulbi da sassafe. Bayi suka kwashe shimfiɗu da akwatuna, suka janye gado daga jikin bango. Sauran jakar munduwa, wadda ba mai ikon taɓawa. Ƙosau ya tsaya shi kaɗai a ɗakin yana kallonta, yana jin hayaniyar magina a tsakar gida suna kwaɓa ƙasa, zuciyarsa ta ƙi yarda ya bar ta a gabansu. Sai ya yago wani yanki daga gefen tsohon rawaninsa, ya kama jakar da shi, yana ce wa kansa ai da ƙyalle a tsakani bai taɓa ba. Ya naɗe ta, ya tura cikin wani ramin ɓera a gindin bango, daidai inda gado yake rufewa, da niyyar in sun tafi ya mayar. Yana miƙewa aka kira shi, wai ga manzo daga bakin iyaka ya iso a sukwane, dokinsa duk kumfa. Kafin ya sauki manzon ya dawo, magina sun bi dokarsa daidai yadda ya kafa ta. Ramin ya shafe, ga zane shida a kansa.

Ƙosau ya ce wa kansa ba komai, gobe in Sarki ya fita fadanci ya tone. Goben nan ba ta samu ba. Da azahar hadari ya taso daga gabas, aka yi ruwan da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinsa a farkon damina ba, har wani babban yanki na ganuwa kusa da Ƙofar Gabas ya zube, ya bar gibin da shanu za su iya shiga garke guda. Sarki ya dawo a jiƙe, ya tarar da manzo da labarin cewa Sarkin Ƙirya, abokin gabarsa na gado, ya tara runduna yana jiran ruwan gulbi ya ɗan ja ya ƙetaro. Ya shiga ɗaki don ya duba munduwa, ya tarar da maratayi ba komai.

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Mata suna cewa ganuwa ta faɗi ne saboda munduwa ta bar gari, wasu suna rantsuwa sun ga shamuwar da ke kan kukar fada ta watsar da sheƙarta ta tashi. Aka buga tambari, majalisa ta taru. Sarki ya fito ido jajur, bai ko zauna ba ya tambayi Sarkin Gida wa ya shiga ɗakin. Ƙosau ya durƙusa, ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai Sarki ya riga shi. Ya ɗaga hannu ya rantse da Allah, ya ce ga kushewar ubansa Ranau shaida, hannun da ya ɗauki munduwar nan sai an yanke shi, ko na wane ne. Tsoho ya dubi hannunsa. Da Sarki ya sake tambaya, sai ya ce da 'yar siririyar murya, ban da shi da bayi masu kwashe kaya, magina ne kaɗai suka shiga.

Aka kawo Cindo da ƙasa a gwiwar hannunsa, don daga bakin gibin ganuwa aka kamo shi, ya je duba ɓarna tun ba a aike shi ba. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce bai gani ba, bai taɓa ba, kuma an lalube su duka a bakin ƙofa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ga shi kuwa a majalisa mai gajeren bayani shi ake ɗauka mara gaskiya.

Waziri Tunau ya gyara zama. Malami ne mai kaifin harshe, kuma sun daɗe ba sa ga maciji da Galadima Arzika, wanda ta ƙofarsa magina suke shiga fada. Ya ce, “Allah ya ja zamanin Sarki. Bayin da suka kwashe kaya a gidan nan aka haife su, a nan za su mutu, ina za su kai ta? Sarkin Gida kuwa, wanda zai zarge shi sai ya fara zargin nonon da ya sha. Saura wa? Lalube mutum a bakin ƙofa ba ya hana a jefa abu ta kan katanga, ko a binne shi cikin kwandon ƙasa. A rana ɗaya munduwa ta ɓata, ganuwa ta zube, Ƙirya ta yi shiri. Ni ban yarda ruwan sama kaɗai ne ya haɗa ukun nan ba. A cika rantsuwar Sarki yau, kafin mayaƙa su ce fada ta yi sanyi.”

Fadawa suka amsa da gaskiya ne. Galadima Arzika ya bari suka lafa, sannan ya yi magana a hankali, kamar yadda ya saba.

“Ranka ya daɗe, ni ban zo in rantse a kan abin da ban gani ba. Abin da na gani shi ne gibi a Ƙofar Gabas. In an yanke hannun nan yau, wa zai rufe shi? Waziri? Duk maginin da ke birnin nan ɗan'uwan Cindo ne ko yaronsa, in sun ga jininsa gobe ba za a wayi gari da ko ɗaya a Dargaza ba. Zaki ya yi rantsuwa, ba mai cewa ya janye. Amma Zaki bai ambaci rana ba. A ara wa gari hannun nan tukuna.”

Sarki ya dubi Waziri, ya dubi Galadima. Sannan ya yanke cewa a sa wa Cindo mari a ƙafa, ya je ya rufe gibi. Ranar da ganuwa ta haɗe, in munduwa ba ta dawo ba, ranar za a cika rantsuwa. Ya kuma sa dogarai biyu a ƙofar ɗakinsa, ya ce ko Sarkin Gida kada ya ƙara shiga shi kaɗai, ba don yana zarginsa ba, sai don kada wani ya ce an bar ƙofa a sake. Da haka 'yar hanyar da ta rage wa Ƙosau ta toshe.

Wanda bai san gini ba zai ce ai sai a tara mutane a yi ta jibga ƙasa. Da damina tubali ba ya bushewa, in ka yi shi da safe ruwa ya narkar da shi da yamma. Cindo ya tsaya ya dubi gibin, ya dubi sama, sai ya ja marinsa ya nufi gida, dogari na biye. Ya sa aka rushe sabon soron da ya gina wa kansa bara, aka kwashe busasshen tubali da azara aka kai Ƙofar Gabas. Da sauran magina suka ga haka, kowa ya je ya sa gatari a katangar gidansa. Kafin a jima unguwar magina ta zama fili, matansu suna girki a bainar jama'a, mutanen da ke wucewa suna nuna su da baki suna cewa ga gidan ɓarayin munduwa.

Abin da ya fi ci wa ƙanensa Nomau rai shi ne saurin da Cindo yake yi. Wata rana da hantsi suna bisa ginin, ya matso kusa da shi kamar mai miƙa tubali, ya ce, “Yaya, kai ka san abin da ke jiranka a ƙarshen bangon nan. Ba wanda ya san tsawon aikin gini sai mu. Mu ja shi har kaka, ko fushin Sarki ya huce, ko Allah ya tona ɓarawon. Kowane tubali ka ɗora, wuƙa kake jawowa.”

Cindo ya karɓi tubalin ya zaunar da shi. Ya ce, “Na sani, Nomau. Ina tsoro, kada ka ga kamar ba na ji. In na kwanta hannun nan nake dubawa. Amma Sarkin Ƙirya ba zai jira kaka ba, kuma 'ya'yanka da nawa a bayan bangon nan suke kwana. Miƙo wani.”

Ba a daɗe ba wani baƙo ya zo da jakuna yana tallan ramno, ciyawar da ake haɗawa da ƙasar gini. Ya yi ta ciniki har ya sami Cindo a gefe, ya raɗa masa cewa Sarkin Ƙirya yana gaishe shi, ya ji zaluncin da aka yi masa. Ba a neman komai a wurinsa sai ya bar tsakiyar sabon ginin da ɗanyar ƙasa, ya rufe da busasshe daga waje. In gari ya faɗi, hannunsa na nan, sarautarsa na nan, da ƙarin riga da doki. Cindo ya kira dogarin da ke tsaronsa ya ce a kai mutumin nan wurin Galadima. Mai hankali zai ɗauka wannan ya isa ya wanke shi. Da maganar ta je majalisa, Waziri ya ce ai abokan gaba ba sa aike sai wurin wanda suka riga suka saba da shi, kuma mai yiwuwa farashi ne bai yi masa ba. Haka zargi yake in ya zauna a kan mutum, ko alheri ya yi sai a ce dabara ce.

Ƙosau kuwa ya zama abin tausayi. Ya daina cin abinci, rigarsa ta yi masa yawa. Kullum yakan sami dalilin bi ta Ƙofar Gabas, ya tsaya daga nesa yana kallon ginin yana hawa, shi ma yana auna saura nawa. Sau da yawa ya durƙusa gaban Sarki da niyyar faɗa, sai ya dubi hannunsa, hannun da ya goyi Sarkin da shi, ya ɓuge da tambayar ko a kawo fura. Fadawa suna cewa dubi amana, baƙin cikin munduwa zai kashe tsoho.

Ranar da Cindo ya ɗora tubali na ƙarshe ya ja yatsunsa a kan yaɓe, ba wanda ya sami sukunin tuna rantsuwa, don tun kafin ƙasar ta sha iska masu gadi suka hango mashin Ƙirya yana walƙiya a hayin gulbi. Da hantsi runduna ta iso, ba ta yi wata-wata ba ta nufi sabon ginin, saboda 'yan leƙen asirinsu sun tabbatar musu ɗanye ne. Mayaƙan Dargaza suka hau ganuwa jiki a sanyaye, kowa yana satar kallon hannun Sarki. Sarki Jatau ya lura. Sai ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, ya hau bisa sabon ginin inda kowa zai gan shi, ya ce munduwa ba ta nan, amma hannun da ke sa ta ga shi, wanda ke son komawa gida ya koma.

Aka yi gumurzu har rana ta take tsaka. Mutanen Ƙirya suka kawo kututturen giginya suna dukan bangon da shi, 'yan baka suna rufa musu, wasu suna kafa tsani. Duk dukan da suka yi, sai dai ƙasa ta ɗan zubo daga fuskar bango, cikinsa ko gezau. Daga sama ana sako musu duwatsu da tafasasshen ruwa, magina da kansu suna miƙa duwatsun, Cindo a cikinsu da marinsa. An ga Ƙosau yana yawo da tulun ruwa a inda kibau suka fi zuba, ba garkuwa ba sulke, amma ko ɗaya ba ta same shi ba, ga shi kuwa ita ya fito nema. Da mutanen Ƙirya suka gaji, suka taru jingim a gindin bangon da ya ƙi faɗuwa, sai Madawaki ya fito da barade ta Ƙofar Arewa ya auka musu ta baya. Kafin la'asar Sarkin Ƙirya ya ƙetare gulbi ba ko takalmi, ya bar tambarinsa da matattunsa.

Washegari majalisa ta cika, ana ta yi wa Sarki barka. Ana cikin haka Waziri ya tuna wa Sarki cewa ganuwa ta haɗe. Fuskar Sarki ta canza, don ya tsaya bisa ginin nan da ƙafarsa, ya ji yadda ya ɗauki duka. Ya dubi majalisa ya ce, shin ba wata hanya? Galadima ya roƙa a yi afuwa, amma roƙo ne kawai, ba shi da hujjar da zai kafa, shi ba malami ba. Sarki ya juya ga Waziri. Waziri ya ce rantsuwar da Sarki ya yi da Allah a gaban jama'a ba a haɗiye ta, in aka yi haka yau gobe maganar fada ta zama ta kasuwa. Sarki ya sunkuyar da kai ya ce a kira Hauni, mai zartar da hukuncin yanka.

Aka tambayi Cindo ko yana da abin faɗa. Ya ce, “Allah ya ba ka nasara, ban ɗauka ba, iyakar abin da na sani ke nan. Amma ina da roƙo ɗaya. Akwai wani rami a ɗakinka, bayan gado, da na shafe bakinsa kawai don an hana mu zura hannu. Na san yanzu ya tsage. Tunda na fara aiki ban taɓa barin aibi a bango da sanina ba, ba na so aikina na ƙarshe a fada ya zama shi ne. A bar ni in gyara shi tun ina da abin gyarawa.”

Wasu fadawa suka yi murmushi, wai jan lokaci ne. Sarki ya ce a bar shi, kuma shi da kansa zai tsaya. Suka shiga da Waziri da Galadima da Sarkin Gida. Aka janye gado. Ga tsaguwa kuwa, ta ratsa zane shidan nan daga sama har ƙasa. Nomau ya kawo kwaɓaɓɓiyar ƙasa a ƙwarya. Cindo ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa wurin da bakin gatari, ɓawon yaɓe ya rufta, sai ga wani ƙunshin ƙyalle ya mirgino waje. Ya ja da baya da sauri, ya ɗaga hannuwansa sama. Sarki ya sunkuya ya kwance da kansa, ga jaka, ga munduwa.

Kafin kowa ya numfasa Waziri ya ce to, magana ta fito. Wa ya shafe ramin? Wa ya san da shi? Ya ɓoye ta ne don ya dawo daga baya ya ɗauka, da ya ga wuƙa sai ya shirya wannan wasa. Cindo kansa ya ga yadda abin ya yi kama da haka. Nomau ya fara kuka ba sauti.

Sai Ƙosau ya zube a gaban Sarki. Ya warware rawaninsa, ya shimfiɗa gefen da ya yage kusa da ƙyallen, suka haɗu daidai. Ya ce, “Ni ne, ɗana.” Rabon da ya kira shi haka tun kafin a naɗa shi. “Na ji tsoron kada su sata, sai na ɓoye. Na ji tsoron wuƙa, sai na yi shiru. Mutumin nan ya rushe gidansa ya tsare naka, ni ina tsaye ina kallo. Ga hannun da ka rantse a kai.” Ya miƙa shi a ƙasa, busasshe, duk jijiya.

Sarki ya dubi hannun, idonsa ya kawo ruwa. Ba wanda ke ɗakin da bai ga cewa ba zai iya ba. Waziri ma ya gani, kuma shi mutum ne mai saurin gane inda zuciyar Sarki ta karkata. Ya yi gyaran murya ya ce, Allah ya taimaki Sarki, kada ran Zaki ya ɓaci, addini ya yi sauƙi. Wanda ya rantse a kan abu, sannan ya ga barinsa ya fi alheri, sai ya bari ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai ko ya tufatar da su, shi ke nan ba laifi a kansa. Dokar munduwa kuwa ta sarakuna ce, Sarki mai ci yana da ikon sassauta ta.

Sarki ya ɗago kai a hankali.

“Waziri, tun yaushe wannan ƙofa take?”

“Tun asali, ranka ya daɗe. Kowane ɗalibi ya san ta.”

“Ɗazun nan a majalisa na tambaye ka ko da wata hanya.”

Waziri ya dubi ƙasa. Galadima ma ya dubi ƙasa, don shi ma bai taɓa tunanin ya je ya tambayi wani malami ba. Sarki kansa ya san ya yi karatun nan yana yaro, kuma da hannun magini ne a ƙasa bai tuna ba. Ya ce zai yi kaffara, Ƙosau ya tafi da hannunsa, amma ya ajiye mabuɗan fada. Waziri kuma ya koma gida ya zauna har sai an neme shi, kuma kowa ya gane ba za a neme shi ba. Sarki ya sa aka kira maƙeri ya cire wa Cindo marin a nan take, ya ce daga baitulmali za a sake gina unguwar magina, kuma Sankira mai shela ya zaga gari ya faɗi wanda ya ɗauka da wanda bai ɗauka ba. Sannan ya juya ga Cindo, muryarsa ba irin ta majalisa ba, ya ce ya roƙi duk abin da yake so.

Cindo ya daɗe yana kallon hannunsa, yana buɗe yatsun yana rufewa. Sannan ya dubi ƙwaryar da ke gaban Nomau.

“Ranka ya daɗe, ƙasar tana bushewa. A ba ni izini wannan karon in zura hannu cikin ramin.”

Sarki ya gyaɗa kai. Cindo ya ɗebi ƙasa ya tura hannunsa cikin ramin har gwiwa, ya cusa, ya danna, ya ƙara, har ya cika. Ya shafe fuskar bangon ta yi sumul, ya ja yatsunsa a kai, zane shida suka fito. Bayi suka kama gado za su mayar da shi jikin bango yadda yake a da, Sarki ya ɗaga musu hannu. Ya ce a kai shi ɗaya gefen, inda in ya farka zanen nan shida zai fara gani.